Tower Hamlets: Inda Masallaci Ke Buɗe wa Hukumar Lafiya Ƙofa

A gabashin birnin Landan akwai ƙaramar hukuma mai suna Tower Hamlets, ɗaya daga cikin 32 da birnin ke da su. Ƙidayar 2021 ta nuna kusan kashi 40 cikin ɗari na mazaunanta Musulmi ne, mafi yawansu 'yan asalin Bangaladash, kuma babu wata ƙaramar hukuma a Ingila da ta kai ta wannan kaso. Saboda haka duk jami'in lafiyar da aka tura can, ko ba dade ko ba jima sai ya ci karo da tambayar halal da haram.

Tun watan Afrilun 2013 doka ta ɗora wa ƙananan hukumomin Ingila nauyin kare lafiyar al'umma. Asibitoci da likitoci suna nan a hannun hukumar lafiya ta ƙasa, wato NHS, amma ma'aikatan da ke ziyartar mai jego a gida, da masu jinyar makarantu, da shirin taimakon masu son barin taba, da duba tsabtar gidajen abinci, duk aikin ƙaramar hukuma ne. Kowace tana da daraktan lafiyar al'umma da ke lura da su.

Inda gizo ke saƙar shi ne rigakafin yara. Maganin mura mai tsanani da ake fesa wa yara a hanci duk shekara yana ɗauke da jelatin, sinadarin da aka sarrafa daga jikin alade domin kada maganin ya lalace. Iyaye da dama sun ƙi sa hannu a takardar izini, kuma ba jahilci ya hana su ba. Malamai kansu sun saɓa. Taron malaman fiƙihu da likitoci da aka yi a Kuwait a 1995 ya tafi a kan cewa jelatin ya rikiɗe ya zama wani abu daban, abin da ake kira istihala, don haka ya halatta. Wasu kuwa suna ganin rikiɗar ba ta cika ba, sai dai in lalura ta tilasta.

Hukumomi ba su tsaya yanke hukunci tsakanin malamai ba, kuma a ganina sun yi daidai, domin fatawa ba hurumin ma'aikacin gwamnati ba ce. Abin da suka yi shi ne samar da mafita: yaron da iyayensa ba su yarda da feshin hanci ba, ana iya yi masa allura wadda babu jelatin a cikinta. Haka rigakafin ƙyanda, iri biyu ne, ɗaya da jelatin ɗaya babu, uba ko uwa na da damar neman wanda babu. Matsalar ita ce sai wanda ya sani yake tambaya, ga shi ƙyanda ba ta jiran kowa, tana iya makantar da yaro ko ta kashe shi.

A nan masallaci ya shigo. A farkon 2021, lokacin annobar korona, Masallacin Gabashin Landan da ke titin Whitechapel ya ba da wuri aka riƙa yi wa jama'a rigakafi. Dattijon da ke ɗari-ɗari da takardar hukuma yakan saki jiki idan ya ga limaminsa ya naɗe hannun riga. Mutanen Kano sun san wannan hanya: bayan dakatar da rigakafin shan-inna a 2003, sai da aka jawo malamai da sarakuna a jiki aikin ya koma daidai.

Shan-innar ma ta leƙa Landan. A 2022 an gano ƙwayar cutar a ruwan magudanan birnin, aka kuwa gayyaci duk yaran Landan 'yan shekara 1 zuwa 9 a ƙara musu allura.