Yadda fasahar BIM ke taimakawa wajen kula da gidan Opera na Sidni

Ko ba ka san sunansa ba, da wuya a ce ba ka taɓa ganin hotonsa a wayarka ba: farin ginin nan da ke bakin teku a birnin Sidni na ƙasar Ostareliya, mai rufi kamar filafilan jirgin ruwa. Wani ɗan ƙasar Denmak mai suna Jørn Utzon ne ya zana shi, aka fara aikin a 1959, ba a buɗe shi ba sai a watan Oktoban 1973. An yi ƙiyasin zai ci dalar Ostareliya miliyan 7, ya ƙare a miliyan 102.

Masu yawon buɗe ido rufin suke kallo su ɗauki hoto su wuce. Ni kuwa abin da ya tsaya mini a rai shi ne mutanen da aka ɗora wa kula da shi. Tayil ɗin da ke kan rufin kaɗai ya haura miliyan 1, ɗakunan sun kai kusan 1,000, kuma da ruwan teku ake sanyaya ginin ta hanyar bututun da ke ratsa ko'ina. In wani bututu ya fara yoyo ana saura awa 2 a fara wasa, wa ya san inda makunninsa yake? A wace shekara aka sa shi? Wa ya taɓa shi na ƙarshe?

Na taɓa yi wa wani ofis aikin manhaja, sai ruwa ya fara tsatsafowa daga bango. Mai gyaran famfo ya fasa wuri 3 kafin ya dace da bututun, domin wanda ya yi aikin farko ya bar gari, zanen ginin kuma babu wanda ya san inda aka jefa shi. Wannan fa bene ne mai hawa 2 kacal. To ina ga gini irin na Sidni?

A nan BIM ya shigo. Mutane da dama suna ɗauka hoton gini ne mai fuska uku da ake jujjuyawa a kwamfuta, irin na wasan gem. Hoton yana ciki, amma shi ne mafi ƙarancin amfani. A matsayina na mai rubuta manhaja, ina kallon BIM a matsayin rumbun bayanai da aka ba shi siffar gini. Ƙofa a cikinsa ba layi huɗu ba ce kamar a takarda. Abu ce mai lambarta ta kanta, mai faɗi da tsawo, an rubuta kamfanin da ya ƙera ta, da minti nawa za ta iya tare gobara, da ɗakin da take buɗewa zuwa gare shi. Haka injin tura ruwa, haka na'urar sanyaya ɗaki, haka kowane akwatin lantarki. Saboda haka za ka iya yi wa ginin tambaya: nuna mini duk injinan da garantinsu zai ƙare bana, ko in na kashe wannan makunnin, waɗanne ɗakuna ne za su rasa ruwa?

Gidan Opera ya girmi wannan fasaha nesa ba kusa ba, da hannu aka yi zanensa. Ga shi Utzon ya ajiye aikin a 1966 bayan saɓani da gwamnatin jihar, wasu suka ƙarasa cikin ginin. A tsakiyar shekarun 2000 wata cibiyar binciken gine-gine ta Ostareliya ta ɗauki gidan a matsayin zakaran gwajin dafi, ta tarar bayanansa a warwatse suke a tsare-tsare daban-daban da ba sa magana da juna. Sai masu binciken suka gina samfurin wani sashe na ginin a kwamfuta, suka haɗa shi da makin da ma'aikata ke ba kowane ɗaki kan tsafta da lafiyarsa. Maimakon manaja ya bi jerin lambobi, sai ya ga wurin da ya fara lalacewa a kan taswirar ginin kai tsaye.

Abin da ya fi burge ni shi ne irin fayil ɗin da suka zaɓa, wato IFC. Manyan manhajojin BIM irin su Revit da Archicad kowacce da nata tsarin ajiya, gini kuwa yana iya shekara 100 a tsaye, kamfanin manhaja ba lallai ya kai haka ba. IFC buɗaɗɗen tsari ne, hukumar ISO ta amince da shi a 2013, kuma rubutu ne zalla. Ranar da na fara buɗe ɗaya da manhajar rubutu ta yau da kullum, na ga bango da taga a jere layi-layi, kowanne da lambar shaida mai harafi 22, sai da na yi dariya don daɗi.

Maganar kuɗi ce a ƙasan duk wannan. Wani rahoto da hukumar NIST ta Amurka ta fitar a 2004 ya ƙiyasta cewa rashin jituwar bayanai na jawo asarar dala biliyan 15.8 a shekara a harkar manyan gine-ginen ƙasar, kuma kusan kashi 2 cikin 3 na asarar masu ginin da masu kula da shi ne ke ɗauka, ba magina ba. Shi ya sa a 2007 sashen injiniyoyin sojan Amurka ya fito da COBie, tsarin da ɗan kwangila zai miƙa jerin kayan da ya sa a gini a tebur mai kama da na Excel, maimakon kwalaye cike da takardu. Birtaniya kuma tun 2016 ta wajabta BIM a ayyukan gwamnatin tsakiya.

Sai dai kar a zuzuta abin fiye da kima. In ma'aikaci ya canza inji bai shigar a samfurin ba, daga ranar samfurin ya fara ƙarya, kuma mutane za su yarda da ƙaryar tunda a kwamfuta suka gani. Dalilin da ya sa waya ta shigo ke nan: a manna lambar QR a jikin injin, mai gyara ya haska ta da kyamara, tarihin injin ya bayyana, ya rubuta abin da ya yi nan take kafin ya sauko daga tsani.

In kana son gwadawa ba sai ka sayi Revit ba. Sauke Blender kyauta, ka ɗora masa Bonsai, wanda a da ake kira BlenderBIM. In kana taɓa Python, akwai IfcOpenShell, layi 5 ya isa ka ƙirga ƙofofin da ke cikin fayil. Ni da ɗakina na fara: bango 4, ƙofa 1, taga 2, da soket ɗin da har yau ban gano wace waya ce ke ba shi wuta ba.