Yadda na'urar rada ke laluben abokin gaba a yaƙin sama

A yaƙin sama na zamani, akan harbo jirgi daga nisan kilomita masu yawa ba tare da matuƙinsa ya ga wanda ya harbe shi ba. Na'urar rada da ke cikin hancin jirgin yaƙi ita ce idon matuƙi, kuma yadda ya sarrafa ta shi ne kan raba wanda zai koma gida da wanda ba zai koma ba.

A da, sai sojan sama ne kaɗai ya san wannan fanni. To amma manhajojin kwamfuta masu kwaikwayon tuƙin jirgi sun buɗe shi ga kowa, tun daga Falcon 4.0 da ya fito a 1998, har zuwa DCS World na kamfanin Eagle Dynamics.

A cikin jiragen da ake iya tuƙawa a DCS World har da JF-17 Thunder, ƙirar Pakistan da Sin, irin wanda rundunar sojin saman Nijeriya ta ƙaddamar da guda 3 a Makurɗi a 2021.

Darasin farko da waɗannan manhajoji ke koyarwa shi ne, rada ba ta iya komai a lokaci guda. Dole matuƙi ya zaɓa tsakanin gani da faɗi, da gani dalla-dalla, da kuma ɓoye aniyarsa.

Lalube

Rada tana aika igiyar lantarki siririya, kamar hasken tocila a daƙin duhu, sannan ta saurari abin da ya dawo. Saboda sirantar igiyar, sai farantin na'urar ya riƙa juyawa dama da hagu, layi bayan layi, kafin ya game sararin da ke gabansa.

Wannan shi ne tsarin lalube, wanda matuƙa ke kira RWS a taƙaice. A jirgin F-16, alal misali, farantin kan iya kai digiri 60 a kowane ɓangare, a kan layuka har 4.

Amfaninsa shi ne faɗin wurin da yake dubawa. Sai dai abin da yake nunawa bai wuce ɗigo a kan allo ba, wato ga wani abu a nisa kaza, ta ɓangare kaza. Kuma gwargwadon faɗin wurin, gwargwadon daɗewar da igiyar za ta yi kafin ta sake komawa kan jirgin da ta gani.

Kafa ido a kan jirgi guda

Idan matuƙi ya zaɓi ɗigo ɗaya ya ɗaure shi, rada kan bar laluben baki ɗaya ta tattara ƙarfinta a kansa. Ana kiran wannan tsari STT, kuma shi ne ya fi ba da sahihin bayani game da gudun jirgin da tsayinsa da inda ya dosa.

To sai dai yana da illa biyu. Ta farko, matuƙi ba ya ganin sauran jiragen da ke sama. Ta biyu kuma, jiragen yaƙi na ɗauke da na'urar gargaɗi mai jin igiyar rada, wadda kan canza ƙara da zarar an kafa wa jirgin ido. Ke nan wanda ake farauta ya san an gan shi.

Duk da haka, akwai makaman da ba sa aiki sai da wannan tsari. Makami mai linzami na AIM-7 Sparrow yana bin igiyar da ke dawowa daga jikin jirgin abokin gaba ne, don haka tilas wanda ya harba shi ya ci gaba da haska jirgin har makamin ya isa.

Bin sawu ana lalube

Tsari na uku, wato TWS, tsaka-tsaki ne. Rada tana ci gaba da juyawa, amma kwamfutar jirgin na adana bayanin kowane jirgi da ta gani, tana kuma ƙiyasta inda zai kasance idan igiyar ta dawo.

Radar AWG-9 ta jirgin F-14 na Amurka kan bi sawun jirage 24 a lokaci guda. A wani gwaji da aka yi a 1973, jirgin ya harba makaman Phoenix 6 cikin daƙiƙa 38 kan jirage marasa matuƙi 6, inda 4 suka samu abin da aka auna.

Wannan tsari ya ƙara daraja bayan fitowar makamin AIM-120 AMRAAM a 1991, wanda ke da tasa ƙaramar radar da yake kunnawa idan ya kusa. Tunda ba a ɗaure jirgin abokin gaba ba, mai yiwuwa ne ya ji gargaɗi sai a daƙiƙun ƙarshe.

Amma shi ma yana da nasa rauni. Domin igiyar ta riƙa dawowa da wuri, sai an rage faɗin wurin da ake dubawa. Haka kuma, tunda ƙiyasi ake yi, idan jirgin ya yi kwana ba zato sawun kan ɓace, jirage biyu da ke tafiya kafaɗa da kafaɗa kuwa kan bayyana tamkar guda.

Dabarar ɓacewa

Akwai kuma dabarar da masu wasan ke yawan gwadawa. Irin wannan rada tana bambanta jirgi da ƙasa ne ta hanyar auna saurin kusantowarsa. Idan matuƙi ya sauko ƙasa-ƙasa, ya juya ya ba ta gefensa sosai, takan ɗauke shi a matsayin tudu ko bishiya ta watsar.

Sababbin jirage irin su F-35 sun rage waɗannan matsaloli, domin radarsu ba ta da faranti mai juyawa. Lantarki ne ke karkata igiyar cikin ƙiftawar ido, ta yadda za ta yi lalube da bin sawu kusan a tare.

Ainihin ƙarfin irin waɗannan na'urori dai sirrin soja ne, shi ya sa manhajojin suka fi dogara ga jiragen da aka riga aka fitar da bayanansu a fili.