In rana ta take a Farin Dutse, kyamara ma sai da tabarau

SAU da yawa 'yan kallo kan ɗora wa jaruma laifin da ba nata ba. A ce ta yi muni a fim kaza, ko an cika mata hoda, ko kuma rawar ta a waƙar nan ta fito kamar ana fizgar ta da igiya. To, wani lokacin ba kwalliya ba ce, ba kuma rashin iya rawa ba. Rana ce. Ita ce 'yar wasan da furodusa bai biyan ta ko sisi, amma ta fi darakta iko a lokeshin.

Duk mai ɗaukar hoton da ya taɓa aiki a kudancin Jihar Jigawa ya san zancen. Tsakanin Birnin Kudu da Gwaram ƙasa ce mai duwatsu da sarari, irin wadda ake nema don waƙa ko fim ɗin gargajiya. Mai karatu ya ƙaddara wasu samari sun haɗa 'yan kuɗaɗen su sun nufi Farin Dutse, cikin Ƙaramar Hukumar Gwaram, za su ɗauki waƙar da za su sa a YouTube. Watan Afrilu ne, tsakiyar bazara. An shirya fara shutin ƙarfe 8 na safe, amma ka san halin lokeshin: mota ta makara, tela bai gama ɗinki ba, jaruma na can ana kwalliya. Kafin a ce "akshin" sha biyu ta gota. Jarumi ya sha farar shadda, dutse na maido da haske, ƙasa na maido da haske, sama fes babu ko ɗigon gajimare. Mai kyamara ya leƙa allon sa, sai ya ga komai fari fat.

A nan lissafin ya ke. Bidiyon da aka saba a Nijeriya hoto 25 ne ke wucewa cikin sakan guda. Don motsi ya fito yadda idon mutum ya saba gani a sinima, ana barin shota, wato ƙiftawar kyamara, a kan 1/50. In aka tsaya a haka cikin rana tsaka, ko da an sauke ISO zuwa 100, sai an tsuke ƙofar lens zuwa wajen f/22 kafin hoto ya daidaita. Shi kuwa darakta so ya ke fuskar jaruma ta fito tas, bayan ta ya narke, kamar yadda ya ke gani a finafinan Indiya. Wannan sai an buɗe lens zuwa f/2.8 ko kusa da haka. Daga f/22 zuwa f/2.8 mataki shida ne, kowane mataki na ninka haske sau biyu. Ke nan hasken da zai kwararo cikin kyamara ya ninka abin da ake buƙata sau 64.

Mai kyamaran da bai da kayan aiki hanya biyu gare shi, kuma duk ba daɗi. In ya tsuke lens, komai zai fito sarai, har da akuyar da ke wucewa da yaran gari da su ka taru kallo a baya. Hoton kan rasa kaifi, duk wata ƙura da ta kwanta a cikin kyamara kuma ta bayyana ɗigo-ɗigo a sararin sama. In kuma ya bar lens a buɗe ya ɗaga shota zuwa 1/3200, haske zai daidaita, amma motsi ya lalace. Gyalen jaruma, maimakon ya bi iska a hankali, sai ya riƙa tsalle-tsalle. Turawa kan yi irin wannan da gangan a fagen yaƙi, kamar yadda aka yi a 'Saving Private Ryan' na 1998, don ɗan kallo ya ji tashin hankali. Amma waƙar soyayya ba yaƙi ba ce.

Hanya ta uku ita ce a sa wa kyamarar tabarau. Wani gilashi ne mai duhu da ake ɗaura wa a bakin lens, masu sana'ar na kiran sa filtar ND. Aikin sa guda ne: ya rage haske ba tare da ya taɓa kala ba. Mai lamba ND8 na barin kashi ɗaya cikin takwas ya wuce, ND64 kuwa ɗaya cikin 64, daidai abin da samarin nan ke nema.

Abin sha'awa, tsofaffin hannu a industiri ba su sha wannan wahalar sosai ba. Kyamarori irin su Sony PD150 da ta fito a 2000, da ƙanwar ta PD170 ta 2003, waɗanda su ka yi tashe a zamanin ƙaramin kaset, da filtar su a ciki su ke zuwa. Maɓalli ne a gefe mai mataki biyu, 1/4 da 1/32, kuma in rana ta yi yawa ita kyamarar da kan ta za ta riƙa ƙyafta maka alama a allo. Matsalar ta kunno kai ne da zuwan kyamarorin hoto masu ɗaukar bidiyo, tun daga Canon 5D Mark II a 2008. Hoton su ya burge kowa, bayan mutum na narkewa yadda ake so, sai dai babu filta a cikin su. Yawancin ƙananan kyamarorin da matasa ke riƙewa yau haka su ke.

Filtar da ake murzawa ta samu karɓuwa ne saboda babu mai lokacin kwance wannan gilashi ya ɗaura wancan alhali darakta na ihu. Gilasai biyu ne a haɗe, irin masu tace ƙyallin haske, ɗaya a tsaye ɗaya na juyawa. Gwargwadon yadda ka murza na gaban, gwargwadon duhun da za ka samu. Akwai wadda ake rubuta wa ND2-400, mai tashi daga mataki ɗaya zuwa sama da takwas.

Amfanin ta ya fi fitowa inda haske ke canzawa ana cikin ɗauka. A duwatsun Birnin Kudu, irin su Dutsen Mesa da Dutsen Habude, tsofaffin zanen shanun nan da su ka yi suna a ƙarƙashin inuwar dutse su ke. In kyamara ta biyo mai gabatarwa daga wajen zanen ya fito fili, haske zai yi tsalle mataki da dama cikin taku kaɗan. Da yatsa biyu mai kyamara zai bi shi yana murzawa, ɗan kallo bai ma san an yi ba. Haka da damina, lokacin da hadari ke rufe rana yana buɗewa. Masu hoton biki ma na morar ta in amarya ta ce a waje ta ke so, haka mai son ruwan rafi ya fito sumul kamar madara, muddin ya kafa kyamara a kan ƙafa.

To fa, ga inda gizo ke saƙar. Wannan filta ba ta da alƙawari in an matsa mata. In aka murza ta har ƙarshe, musamman da lens mai faɗin gani, sai wani baƙin gicciye ya bayyana a tsakiyar hoto. A ƙaramin allo cikin rana ba lallai a lura ba, sai an zauna editin a Kano a ga ɓarna. Shi ya sa masu kyau ake raba su gida biyu, mataki 2 zuwa 5 da kuma 6 zuwa 9, da matsaya inda ba za su wuce ba. Masu arha kuma kan jefa wa hoto kala, ya yi kore-kore ko ruwan ƙasa, farar shadda ta koma kamar an wanke ta da ruwan kududdufi. Dole a sake saita farin kyamara bayan an ɗaura filtar, ba kafin nan ba.

Akwai wata illar da ta fi shafar finafinan Hausa, ba a kuma cika maganar ta ba. Tunda gilasan nan masu kashe ƙyalli ne, su kan shanye sheƙin fata. Baƙar fata kuwa da wannan sheƙin ta ke fitowa a hoto, shi ke zana goshi da kumatu da karan hanci. In ya tafi, fuska sai ta yi fayau kamar an bulbule ta da toka, a zo ana zagin mai kwalliya. Maganin shi ne a duba fuskar a babban allo, in ta mutu a juya filtar gaba ɗayan ta a bakin lens har sheƙin ya dawo, ko a koma ga filta mai lamba ɗaya don ɗaukar fuska kusa. Manyan kamfanoni sun kauce wa wannan ta wata hanya: Sony FS5 ta 2015 ta zo da filta ta lantarki a cikin ta. Sai dai kuɗin irin waɗannan ba na mai fara sana'a ba ne.

Kuma kada wani ya ɗauka filta ta gama komai. Haske ta ke ragewa bai ɗaya, na shadda da na fuska duka. In hula ta jefa wa idon jarumi inuwa da tsakar rana, inuwar na nan daram. Wannan aikin allon maido da haske ne, ko da kwali ne aka liƙa wa takardar azurfa, ko farin yadi da mutum biyu za su riƙe a saman 'yan wasa. Wanda ya fi duka sauƙi shi ne a ɗauki fuskoki da hantsi ko bayan la'asar, a bar tsakar rana don cin abinci da haddar magana.

Ga furodusa, maganar ta kuɗi ce. Wurin da ya ƙone fari fat a hoto babu editan da zai dawo da shi. Sai dai a koma Farin Dutse, a sake biyan mota da masauki da abinci, a kuma roƙi jarumar da ta riga ta karɓi wani aikin.

Mai niyyar saye ya duba lambar da ke bakin lens ɗin sa mafi girma, 77 ne ko 82, ya sayi daidai ita, sauran ƙananan ya haɗa su da zobe. Kafin ya biya, ya ɗaura ta ya fita waje, ya auna farin bango ko sararin sama, ya murza daga farko har ƙarshe yana kallon allo. Da hunturu kuma a hure ƙura tukuna kafin a goge gilashin, don yashin da iska ke ɗaukowa karce shi ya ke yi.