HANYAR JIRGIN DA TA TSAYA A ƘAURAR NAMODA

Duk wanda ya bi hanyar Wurno zuwa Goronyo da bazara zai ga buhunan albasa jibge a bakin hanya, masu su na zaune a inuwa suna jiran mota. Albasa kuwa ba ta da haƙuri, kowane kwana da ta ƙara a rana sai kuɗinta ya ragu. To, jama'a, ko kun taɓa tambaya me ya sa jirgin ƙasa bai taɓa kuka a ƙasar Sakkwato ta yanzu ba? Ga yadda abin ya faru.

Cikin 1911 ne hanyar jirgi ta iso Kano. Da Turawa suka ga irin gyaɗar da ke fitowa daga ƙasar Hausa, sai suka shiga yi wa hanyar rassa. Ɗaya ya tashi daga Zariya, ya ratsa Funtuwa da Gusau, ya isa Ƙaurar Namoda cikin 1929. Wani kuma ya tashi daga Kano ya isa Nguru cikin 1930. Ba don sada garuruwa aka yi su ba, an yi su ne don kwashe gyaɗa da auduga da fatu zuwa bakin teku. Inda lodin ya ƙare a lissafinsu, nan ƙarfen ya tsaya. Ga shi kuma lokacin ne ciniki ya faɗi a duniya duka, kuɗi suka yi wuya. Sai ya zamana mutumin Rabah ko Wurno, in yana da fatun awaki, sai ya ɗaura wa jaki ko raƙumi, ya yi kwanaki a hanya kafin ya ga tasha. Gusau kuwa, da yake jirgi ya bi ta kanta, nan da nan ta cika da kantuna da baƙi. Can ne ma aka kai Ahmadu Bello aiki cikin 1938, bayan ya riƙe ƙasar Rabah, garin haihuwarsa, tun daga 1934.

Yana Firimiyan Jihar Arewa aka ja hanya ta ƙarshe irin ta dā. Cikin 1958 Bankin Duniya ya ba Nijeriya rancen dala miliyan 28 saboda aikin reluwe, aka tashi daga Kuru, aka bi ta Bauci da Gwambe, aka isa Maiduguri cikin 1964. Sakkwato dai aka bar ta tana jira.

A cikin wannan shekara ta 1964 wani abu ya faru a Japan wanda ya kamata mu duba. Tsohuwar hanyar jirginsu faɗinta ɗaya da tamu, watau ƙafa 3 da inci 6 tsakanin ƙarfe da ƙarfe. Hanyar da ta haɗa Tokiyo da Osaka ta cika maƙil, ba wurin ƙara ko jirgi ɗaya. Waɗansu suka ce a faɗaɗa tsohuwar kurum. Amma shugaban reluwensu, Shinji Sogo, da babban injiniyansa, Hideo Shima, suka tsaya a kan a yi sabuwa fil, mai faɗin ƙafa 4 da inci 8 da rabi, wadda ba ta da kwana mai tsanani, ba kuma inda hanyar mota za ta gitta ta. Aka soma aiki cikin 1959. Su ma Bankin Duniya suka je, ya ba su dala miliyan 80 cikin 1961, rancen nan kuwa ya ɗaure gwamnatinsu, ba ta da halin yasar da aikin a tsakiya. Kuɗin da aka kashe ya kusa ninka abin da aka ƙiyasta, har dole mutanen nan biyu suka bar aiki cikin 1963. Duk da haka ran 1 ga Oktoba, 1964, aka buɗe hanyar da suke kira Shinkansen. Tsawonta mil 320, jirgin yana cin mil 130 a sa'a. Tafiyar da ake yi cikin sa'a shida da rabi ta koma sa'a huɗu, yau kuwa wajen sa'a biyu da rabi ce. Tun daga ranar har yanzu ba fasinjan da ya rasa ransa saboda karo ko gocewar jirgi a kanta.

Kada mai karatu ya ce muna neman a kawo irin wannan Goronyo. Su mutane suke ɗauka, mu kuwa lodi ne ya dame mu. Abin koyi shi ne sun auna bukatarsu tukun, suka zaɓi faɗin da zai daɗe, suka gama abin da suka soma, ba su kuma bar shi ya lalace ba. Mu kuwa tun wajen 1980 reluwenmu ya yi ta ja da baya, har lodi duka ya koma kan manyan motoci.

Amma fa ƙasar nan ba yadda Turawa suka lissafta ta take ba yanzu. Tun da aka gama madatsar ruwa ta Goronyo a kan Gulbin Rima cikin 1984, noman rani ya bunƙasa. Shinkafa da albasa da tafarnuwa suna fita daga fadamun Wurno da Rabah zuwa kasuwannin kudu. Kuma an soma shimfiɗa hanyoyi masu faɗi irin na Japan: ta Abuja zuwa Kaduna an buɗe ta cikin 2016, ta Kano zuwa Maraɗi, wadda za ta bi ta Daura da Katsina da Jibiya, an aza harsashinta cikin 2021.

Saboda haka muna roƙon wakilanmu da hakimanmu abu biyu. Na fari, a sa ƙungiyoyin manoma da 'yan kasuwa su riƙa rubuta yawan buhunan da ke fita kowace kasuwa, gama ba wanda zai ba da rance a kan zancen baki. Na biyu, in an tashi kawo hanya Sakkwato, a nemi mai faɗin, a kuma nemi ta bi ta kwarin Rima inda amfanin gona yake. Kakanninmu sun jira, iyayenmu sun jira. Allah ya sa 'ya'yanmu su ji kukan jirgi daga gonakinsu, amin.