Yadda Ake Rubutu da Kankana a Kwamfuta

Yara, wataƙila kun taɓa ganin kwalin lemon kwalba ko na alawa da aka rubuta sunansa kamar an yanko haruffan daga cikin kankana ko abarba. Ba zane ba ne na hannu, aikin kwamfuta ne, kuma ba shi da wuya kamar yadda ake zato.

Ku ɗauki kwali ku yanke harafi a tsakiyarsa, sannan ku ɗora shi a kan atamfa. Me za ku gani? Harafin ya fito da adon atamfar. To, dabarar ke nan gaba ɗaya. Manhajar gyaran hoto, irin su Photoshop da kamfanin Adobe ya fitar a 1990, tana aiki ne da falle-falle, wani bisa wani. Rubutu yana fallensa, hoton kankana yana nasa.

Da farko a rubuta kalmar da haruffa masu kauri sosai. Wannan shi ne inda yawancin masu koyo ke yin kuskure: siririn harafi ba ya ɗaukar ado, sai dai a ga ja-ja kawai, ba a san ko kankana ba ce ko tumatir. A duba kuma ko salon haruffan yana da ƙ da ɗ da ɓ, don da yawa ba su da su, sai su bar maka ɗan akwati a gurbinsu.

Daga nan a kawo hoton kankanar da aka fasa, a sa fallensa a saman na rubutun, a danna Ctrl da Alt da G tare. Nan take hoton zai shige cikin haruffan, abin da ya yi saura ya ɓuya. Bai goge ba fa, yana nan, don haka ana iya jan hoton sama ko ƙasa har 'ya'yan kankanar su zauna inda ake so. Sai a zagaye haruffan da farin layi siriri, a bi bayansa da kore mai kauri, ɓawo ya samu ke nan. Ɗan inuwa kaɗan a ƙasa ya isa. A ganina in ta yi yawa, aikin ya kan zama kamar an zubar da tawada.

Mai rubutun ajami yana da ƙarin hattara. Wasu sukan yayyafa baƙaƙen 'ya'yan kankana a gefen rubutu don ƙawa. A boko babu laifi, amma a ajami ƙwaya ɗaya tana iya zama ɗigo. In ta faɗa a kan dal ta mai da shi zal, in ta hau kan ra ta mai da shi zaira, kalma ta canza. Saboda haka 'ya'yan su tsaya cikin jikin harafi, kuma a tabbata haruffan sun haɗu da juna, daga dama zuwa hagu.

Wanda ba shi da kuɗin Photoshop, akwai GIMP, kyauta ce, sai dai matakanta sun ɗan bambanta. In an gama, a ja da baya kamar taku biyar a duba, ko a kira ƙaramin ƙane ya karanta. In ya yi ta inda-inda, a rage adon.