Talabijin ya koma cikin waya: Wa ke biyan kuɗin kallo a tsallaken Kogin Kaduna?

A daren Lahadi 11 ga Fabrairun 2024, lokacin da Najeriya ta kara da Kwaddebuwa a wasan ƙarshe na gasar cin kofin nahiyar Afirka a Abidjan, babu wuta a layinmu da ke Barnawa. Na jingina wayata da kofin shayi, ni da yara muka kewaye ta. A fuskar wayar ana shirin bugun kusurwa ke nan, sai ihu ya ɓarke daga gidan kallon da ke bayan layi. Sai da aka yi kusan rabin minti kafin mu ga William Troost-Ekong ya sa kai ya jefa ƙwallon da maƙwabta suka riga suka gama murnarta. Ƙaramin ɗana ya dube ni ya ce, "Baba, su a gaba suke da mu?"

Tambayar yaro ce, amma amsarta ta manya ce. Gidan kallon yana karɓar hotonsa ne kai tsaye daga tauraron ɗan'adam, mu kuwa namu ya biyo hanyar kamfanin waya. Bambancin waɗannan hanyoyi biyu bai tsaya ga rabin minti ba. Ya shafi wanda zai iya kallo da wanda ba zai iya ba, da nawa zai biya, da kuma abin da zai gani. Wannan shi ne abin da nake son mu duba tare da mai karatu a wannan mako.

Kaduna ba baƙuwar talabijin ba ce. Bayan tashar WNTV ta Ibadan da aka buɗe a 1959, Gwamnatin Jihar Arewa ta su Sardauna ta kafa kamfanin BCNN, wanda ya fara watsa shirye-shiryen talabijin daga Kaduna a 1962, kafin a haɗe tashoshin ƙasar a ƙarƙashin NTA a 1977. A zamanin da masaƙun KTL da UNTL da Arewa Textiles ke aiki dare da rana a Kakuri, ma'aikacin da ya tara kuɗi ya sayi akwatin talabijin ya gama biyan kuɗin kallo. Sai ya ɗaura eriya a kan gora, yaran layi su cika masa tsakar gida. Har unguwa sukutum muke da ita a wannan tsallaken mai suna Television.

Hikimar wancan tsari mai sauƙi ce. Tasha tana jefa hoto guda cikin iska, duk mai eriya ya kama. Ko mutum goma ne ke kallo ko miliyan, wahalar tashar ɗaya ce, kamar mai shela a kasuwa: yawan masu saurare ba ya ƙara masa gajiya. Tauraron ɗan'adam ma haka yake aiki, sai dai a kulle hoton a ce sai mai dikodar da ya biya kuɗin wata.

Hanyar waya ba haka take ba. Idan mutum dubu a Sabon Tasha suka buɗe wasa guda a wayoyinsu, sau dubu ake aiko hoton, kowa da nasa kwafin. Turken sadarwar da ke unguwar yana da iyakar abin da zai iya ɗauka a lokaci guda, kuma raba shi yake yi tsakanin duk wayoyin da ke ƙarƙashinsa. Shi ya sa bidiyon da ke tafiya sumul da hantsi yake fara tsaitsayawa bayan Isha'i, sa'ad da kowa ya dawo gida. Ba mai shela ba ne yanzu, ɗan aike ne da zai bi gida-gida yana maimaita saƙo ɗaya, kuma kowane gida sai ya biya shi ladan zuwa.

Masana sun yi ƙoƙarin rage wannan nauyi ta hanyoyi uku. Ta farko ita ce matse hoto. Bidiyo jerin hotuna ne, wajen 25 ko 30 a kowace daƙiƙa, kuma mafi yawansu kusan iri ɗaya ne. Don haka maimakon a aiko kowane hoto cikakke, sai a aiko abin da ya sauya kawai: ƙwallo ta motsa, ciyawa tana nan. Tsarin H.264 da aka amince da shi a 2003, da HEVC na 2013, da AV1 na 2018, duk a kan wannan dabara suka ginu, kowane ya fi na bayansa iya matsewa.

Ta biyu ita ce yanka bidiyon gunduwa-gunduwa, kowace gunduwa ta 'yan daƙiƙoƙi, a ajiye ta a matakan kyau daban-daban. Wayarka tana auna ƙarfin sabis, in ya yi kyau ta ɗauko gunduwa mai haske, in ya raunana ta ɗauko mai dishi-dishi, don kada kallo ya yanke. Kuma ba ta fara nunawa sai ta tara gunduwoyi biyu ko uku a hannu saboda tsaro. Wannan tarin shi ne babban sanadin rabin mintin da ya sa ɗana ya ɗauka maƙwabta sun riga mu shiga gobe.

Ta uku ita ce kusanto da kaya. Manyan kamfanoni irin su Google, mai YouTube, da Netflix da Meta, mai Facebook, suna ajiye kwafin bidiyoyin da aka fi nema a rumbunan kwamfuta da ke kusa da masu kallo, don kada a riƙa ɗauko su daga Turai ko Amurka kowane lokaci. A nan ne matsalarmu ta Arewa take. Wayoyin gilashi na ƙarƙashin teku da suka haɗa Najeriya da duniya, irin su SAT-3 da MainOne da Glo-1 da WACS da Equiano, a Legas suka fito tudu, kuma a can ne mafi yawan manyan rumbunan suke. Sai ka ga shiri irin Labarina, wanda aka shirya a Kano, an ɗora shi a intanet, mai kallo a Unguwar Romi kuma sai an yo masa jigilarsa ta ɗaruruwan kilomita na waya kafin ya iso turken unguwarsu. Duk inda mai tonon hanya ko ɓarawon waya ya datse layin, kallo ya tsaya. Mun ɗanɗana babban misali a ranar 14 ga Maris 2024, lokacin da wayoyi huɗu na ƙarƙashin teku suka lalace a gaɓar Kwaddebuwa, intanet ya yi rauni a ƙasashen Afirka ta Yamma da dama, har bankuna suka shiga matsala.

A ƙasashen da wayar gilashi ta shiga gida-gida, kamar Faransa, kamfanonin sadarwa suna da wata hanya da ake kira IPTV, inda tasha guda ke tafiya cikin layin kamfani sau ɗaya, sai ta iso kusa da gidaje sannan ta rarrabu. Wannan ya haɗa amfanin shela da na ɗan aike. Amma sai da waya har ƙofar gida, abin da a nan bai wuce wasu ofisoshi da tsirarun gidaje ba. Mafi yawanmu da turke muka dogara.

Yanzu mu zo ga aljihu. Kamfanin Netflix da kansa yana cewa awa guda ta kallo a matsakaicin haske na iya cin gigabait ɗaya, mai tsananin haske kuwa har uku. Mu sassauta, mu ce rabin gigabait a awa. Gidan da ke kallon awa biyu kowane dare ya yi awa 60 a wata, wato gigabait 30. Shirin Ƙasa na Faɗaɗa Intanet na 2020 zuwa 2025, wanda aka ƙaddamar a zamanin Minista Isa Ali Pantami, ya sa burin kada gigabait ya wuce Naira 390. Ko a wannan farashi na buri, gigabait 30 Naira 11,700 ne, wato kashi ɗaya cikin shida na mafi ƙarancin albashi na Naira 70,000 da aka amince da shi a 2024. A Janairun 2025 kuma Hukumar Sadarwa ta Ƙasa, NCC, ta amince wa kamfanoni su ƙara farashi har zuwa kashi 50 cikin 100. A yankin da masaƙu suka rufe, 'ya'yan masaƙa suka koma acaɓa da ƙananan sana'o'i, wannan ba ƙaramin kuɗi ba ne.

Talaka dai bai zauna jiran gwamnati ba. Shagunan masu tura fina-finai da ke Kakuri da Sabon Tasha da Tashar Television, inda mutum zai miƙa waya ko memori a loda masa shirye-shiryen mako da 'yan canji, ba wani abu suke yi ba face aikin rumbun nan na kusa: a sauko da bidiyo sau ɗaya, a raba wa ɗari. Sun gano da kansu abin da injiniyoyi suka gano. Illar ita ce sau da yawa wanda ya zuba dukiyarsa ya shirya fim ɗin ba ya ganin ko sisi.

Wani zai ce ai zamani ne, kuma zamani riga ne. Gaskiya ne, kuma ba na cikin masu kukan a koma jiya. Hanyar waya ta buɗe ƙofofin da eriya ba ta taɓa buɗewa ba. Shiri irin Izzar So ya samu miliyoyin masu kallo ta YouTube ba tare da ya jira wata tasha ta ba shi fili ba. Malami yana karantarwa daga zaurensa a ji shi a Yamai da Kumasi da Jidda. Mai magana da Gbagyi ko Jju ko Tyap, wanda da wuya ya samu rabin awa a mako a tashar gwamnati, yau yana iya buɗe tasharsa da waya guda. Wannan riba ce da ba za a raina ba.

Amma akwai abubuwa biyu da muke asara ba tare da mun lura ba. Na farko shi ne madogara a ranar wahala. A 2020, da annobar korona ta rufe makarantu, ta rediyo da talabijin Gwamnatin Jihar Kaduna ta riƙa koyar da ɗalibai, domin su ne ke isa gidan da babu kuɗin data. A ƙarshen Satumbar 2021, da aka katse layukan sadarwa a wasu sassan jihar saboda matsalar tsaro, har kusan wata biyu, wanda labaransa duk a waya suke ya koma cikin duhu, mai rediyo da eriya kuwa yana jin duniya.

Na biyu ya fi zurfi. Duk mazaunin Kaduna ya san yadda rikice-rikicen 2000 da 2002 suka sa kogin nan ya zama kan iyaka, jama'a suka yi ta ƙaura, kowa ya koma inda nasa suka fi yawa. A da, ko ba komai, mutumin Kawo da na Narayi labaru guda suke kallo da dare, su haɗu da safe a wurin aiki su yi gardama a kan abu ɗaya. Yau manhaja ce ke zaɓar wa kowa abin da zai gani, kuma abin da ya fi tayar masa da hankali shi ta fi kawo masa, domin shi ke riƙe ido. A gari irin namu, ɗan guntun bidiyo na daƙiƙa 30 da ba a san inda aka ɗauke shi ba na iya ƙona abin da aka yi shekaru ana ginawa.

To mene ne abin yi? Na farko, a kammala shirin mayar da talabijin zuwa tsarin dijital. Najeriya ta sa hannu a yarjejeniyar Geneva ta 2006, wadda ta sa 17 ga Yunin 2015 a matsayin wa'adi, wa'adin ya wuce ba mu cika ba. An ƙaddamar da shirin a Jos a 2016, aka zo Kaduna a Disambar 2017, amma har yau bai game ƙasa ba. Wannan tsari yana ba da damar tashoshi da yawa su bi zangon da a da tasha ɗaya ke cinyewa, zangon da ya rage kuma a ba kamfanonin waya su ƙarfafa sabis. Wato ba kishiyar intanet ba ne, abokin tafiyarsa ne: abin da kowa ke kallo lokaci guda, kamar labaru da ƙwallo da darasin makaranta, ya bi iska, abin da mutum ya zaɓa shi kaɗai ya bi waya.

Na biyu, Jihar Kaduna ta yi abin yabo a 2020 da ta yafe kuɗin izinin shimfiɗa wayar gilashi a gefen hanyoyinta. Saura a ci moriyarsa. Duk sabuwar hanyar da za a yi a Kakuri ko Gonin Gora, a binne bututun waya tun kafin a zuba kwalta, a kuma tilasta wa 'yan kwangila su tuntuɓi masu layi kafin tono. Umarnin da Shugaba Tinubu ya sa wa hannu a 2024, wanda ya sa kayan sadarwa cikin muhimman kadarorin ƙasa, ya ba da madafar doka.

Na uku, a kawo rumbuna kusa. Kaduna tana tsakanin Abuja da Kano, ga filayen masana'antu da gine-ginen da suka zama kufai a Kakuri. Babban ƙalubalen shi ne wutar lantarki tsayayya, kuma shi ya kamata gwamnati ta sa a gaba idan tana zawarcin masu zuba jari. Wurin da ya taɓa tufatar da Arewa zai iya zama ma'ajiyar abin da Arewa ke kallo.

Na huɗu kuma namu ne, iyaye da malamai. Mu koya wa yara rage hasken bidiyo idan ba a bukatarsa, su sauko da darasi sau ɗaya maimakon su yi ta maimaita shi a intanet, kuma kafin su tura wani bidiyo gaba su tambayi kansu wa ya ɗauka, a ina, kuma yaushe.

A daren nan dai Kwaddebuwa ce ta ci biyu da ɗaya, kuma shirun gidan kallo ne ya fara sanar da mu kafin waya. Na ce wa ɗana ba a gaba suke da mu ba, hanyarsu ce ta fi tamu gajarta. Abin da nake tsoro shi ne ranar da bambancin ba zai zama na rabin minti ba, sai dai na mai kuɗin data da marar shi. Har yanzu muna da damar hana zuwan wannan rana. Allah Ya sa shugabanninmu su ji, mu kuma Ya ba mu ikon yin namu.