Gatarin Kurege: Furen da Ya Kamata Mu Ba Shi Masauki a Gida

Duk wanda ya bi hanyar Dambatta, Makoɗa ko Bichi da damina ya san babu sauran ƙasar da take hutawa. Gona ta haɗe da gona, har iyakokin da ake bari da ciyawa sun zama tsiririya. A irin waɗannan iyakoki ne gatarin kurege yake fitowa, kuma a ganina, idan ba mu ɗauke shi zuwa tukwane ba, jikokinmu sai dai su ji sunansa.

Tsiro ne mai yaɗo, furensa ja da rawaya, mai lanƙwashewa baya kamar harshen wuta. Likitan nan J. M. Dalziel ya sanya shi a littafinsa na sunayen tsirran Hausa na 1916. Masana suna ce masa Gloriosa superba. Shi ne furen ƙasa na Zimbabuwe, a Turai ana sayensa don ado, manoman Tamil Nadu a Indiya kuwa suna noma shi domin kamfanonin magani. Mu da Allah Ya ba mu shi kyauta, fartanya muke sa masa.

Renonsa ba wuya, sai dai yana son kula. Na fi son tukunyar ƙasa mai huji a gindi, a cika ta da jigawa da ruɓaɓɓen taki. Da faɗuwar ruwan Yuni, a kwantar da saiwar a kwance, zurfin kamar santimita 5. A yi hattara da ɗan idon da ke bakinta, domin in ya karye ba za ta tsiro ba. A kafa masa karan dawa, saboda da bakin ganyensa yake kamawa ya hau. Hantsi yake so, ba zafin azahar ba, kuma yawan ruwa yana ruɓar da saiwar.

Idan ganyen ya yi rawaya da kaka, a daina ba shi ruwa. Ba mutuwa ya yi ba, barci yake har wata damina. A bar tukunyar a bushe, a inuwa.

Sai dai akwai kashedin da ba zan sassauta ba. Tsiron nan dafi ne tun daga saiwa har iri, saboda sinadarin kolcisin da ke cikinsa. Saiwar tana kama da dankali, kuma cinta yana kisa. A ajiye tukunyar inda yaro ko akuya ba za su kai ba, a wanke hannu bayan an taɓa. Wanda ya ci, a garzaya da shi asibiti, kada a tsaya jiran alama.

Gidan da yake da ƙananan yara ya haƙura tukuna. Sauranmu kuwa, tukunya ɗaya ba za ta rage mana ko damin gero ba.